Ba a hana ni fita aikin sa-kai ba, me ya sa aikin albashi ya zama matsala?

Maman Tagwaye, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayena da yayyena da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon a dube shi da idon basira, domin ba ƙarar kowa na kawo ba.

Na kammala makarantar horar da malaman firamare ta ENIEG a nan Kamaru kafin a yi mini aure, amma ban taɓa riƙe aji a matsayin ma'aikaciya ba. Abin da nake yi tun bayan da na yaye 'ya'yana na fari shi ne aikin sa-kai iri biyu. Ranakun Asabar da Lahadi ina koya wa matan aure karatu da rubutu da ɗan lissafi a Islamiyyar unguwarmu, ba tare da an ba ni ko dala ba. Idan damina ta kankama kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, ina cikin matan da ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Mukan fita da sassafe da rajista da alli da kwalin magani, mu narka ƙwayar farko a cokali mu ba yaro a gaban uwarsa, mu bar mata na kwana biyu masu zuwa, mu yi alama a bangon gidan, sannan mu wuce gida na gaba. Wani lokaci ba na komawa gida sai la'asar sakaliya, ƙafafuna duk taɓo. Ɗan abin da ake ba mu a ƙarshen zagaye kuɗin abin hawa ne da na ruwan sha, kuma shi ma yakan yi jinkiri. Maigidana bai taɓa hana ni ba. Hasali ma shi yake kai ni cibiyar lafiya a kan babur ɗinsa, kuma na sha jin yana gaya wa abokansa cewa matarsa tana aikin lada.

Yanzu wata makarantar firamare mai zaman kanta ta nemi in riƙe mata aji ɗaya daga watan Satumba, a kan albashin sefa 60,000 a wata, daga bakwai da rabi na safe zuwa bayan azahar. Da na kai maganar gaban maigida sai fuskarsa ta canja, ya ce shi bai gaza ci da sha da suturata ba, kuma ba ya son a riƙa nuna shi a kasuwa ana cewa ya tura matarsa neman kuɗi. Hajiya mahaifiyarsa, wadda nake girmamawa kamar uwar da ta haife ni, ta ƙara da cewa mace idan ta fara karɓar albashi sai kunnenta ya toshe, kuma tarbiyya ba ta yiwuwa da uwar da rabinta yana gida rabinta yana waje.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Fitar dai ita ce fitar, mayafin shi ne mayafin, kuma aji ɗaya a cikin makaranta ya fi shiga gidajen da ban san masu su ba sutura. To mene ne ya bambanta su in ba kuɗin ba? Sannan ina so a gaya mini gaskiya: shin wannan albashi ya kai in tayar da magana a gidana saboda shi, ko in haƙura in ci gaba da abin da nake yi?

Baba Mai Ritaya, Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi rayuwar aikina a ofishin kula da ma'aikata na kamfanin auduga na Sodecoton, saboda haka zan amsa miki da abin da na sani, wato takarda da doka, in bar sauran ga masu shi.

Kada ki auna wannan aiki da kuɗin da za a miƙa miki a ƙarshen wata kawai, domin mafi tsadar abin da ke cikinsa ba ya shiga hannu. Idan makarantar ta yi miki rajista a asusun CNPS, asusun ƙasa na fansho da tallafin ma'aikata, za a riƙa cire kashi 4.2 cikin 100 na albashinki, wato sefa 2,520 a kan 60,000, ita ma ta zuba nata kason. Wanda ya cika shekara 60 da haihuwa, yana da shekara 20 da rajista, kuma an biya masa aƙalla wata 180, yana da haƙƙin fansho har ƙarshen rayuwarsa. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, asusun ne yake biyan ta a cikinsa, kuma ba a yarda a kore ta saboda ciki ba. Bayan ta koma aiki tana da sa'a ɗaya a rana ta shayarwa har jaririn ya yi wata 15. Akwai kuma kuɗin yara, wanda tun 2024 ya koma sefa 4,500 a wata ga kowane yaro. Aikin sa-kai, komai daɗewar da kika yi a cikinsa, ba ya sa a rubuta miki ko wata ɗaya a wannan lissafi.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne abin da na gani da idona. Matar ma'aikaci idan mijinta ya rasu tana da kaso a fanshonsa, muddin akwai takardar aure ta ofishin magajin gari, kuma Allah ne kaɗai ya san yawan matan da suka zauna a gaban teburina suna kuka saboda aurensu a masallaci kawai aka ɗaura, ba wanda ya damu ya je ya rubuta shi. Ke kuwa mijinki ɗan kasuwa ne. Ranar da ta Allah ta kasance, abin da zai zo hannunki tumunin abin da ya bari ne, kuma in akwai abokiyar zama ku raba shi. Wannan hukuncin Allah ne, ba mai jayayya da shi, amma ba laifi ba ne mace ta yi wa tsufanta tanadi tun tana da ƙarfi.

Ta fuskar doka, sashe na 74 na dokar 29 ga Yuni 1981 ya ce matar aure tana iya yin sana'a daban da ta mijinta, amma ya ba miji damar nuna ƙin amincewa saboda maslahar aure da ta yara, kuma shugaban kotu ne yake yanke hukunci bayan ya saurari kowane ɓangare. Na faɗa miki ne don ki sani, ba don ki ɗauka ki kai masa ba. Matar da ta samu izinin aiki daga bakin alƙali, da wuya ta sake samun fara'a a gidanta.

Kafin ki sake buɗe maganar, ki koma makarantar ki tambayi abu uku: ko za a ba ki yarjejeniya a rubuce, ko za a yi miki rajista, da kuma ko ana biyan watannin babban hutu. Sefa 60,000 ɗin da suka ambata shi ne mafi ƙarancin albashin da aka ƙayyade a 2023 ga irin wannan ɓangare, saboda haka ba alfarma suka yi miki ba.

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Marwa

Ƙanwata, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma lissafi kam na iya shi, kuma ina so ki zauna ki yi shi kafin ki ɓata wa mijinki rai. Idan babur zai kai ki ya dawo da ke a kan sefa 200 kowace tafiya, kusan 9,000 sun tafi a wata. Dole ki ɗauki yarinyar da za ta kula da gida ta ɗora tukunya, ki biya ta, ki ciyar da ita. Malamar makaranta ba ta maimaita zane ɗaya sati guda, ga gudummawar biki da ta rasuwa ta abokan aiki, ga zanen bikin ranar mata ta 8 ga Maris da ba a isa a ce ba a saya ba. Idan kuma aka ce ba a biyan watannin hutu, ki raba abin da ya saura a kan wata 12 ki gani ko ya kai a bar yara a hannun wata.

Mutane suna magana kamar wadda ke zaune a gida hannunta a naɗe yake. Iyayenmu da kakanninmu ba su taɓa fita ofis ba, amma su suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ni da kaka nake sayen buhunan gyaɗa lokacin da take araha, in ajiye. In za mu yi aiki sai a soya ta a murje, a fece ɓawon, a kai inji a niƙa, mu zuba tunkuzar a turmi muna yayyafa ruwan zafi muna juyawa har man ya taso, a kwashe shi a galan, abin da ya rage a murza a soya ƙuli-ƙuli. Ba abin da ake zubarwa. A yau ma ba sai na nemi mai saye ba, hoto nake ɗorawa a WhatsApp, a turo kuɗi ta waya, ɗan babur ya zo ya ɗauka. Da wannan da adashi na sayi fili, da shi na sauke farali, kuma ba ranar da ɗana ya dawo daga makaranta bai tarar da ni ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan yawon da kike yi a damina. Koyarwar Islamiyya daban ce, wannan sadaka ce tsakaninki da Allah. Amma ki wuni cikin taɓo kina yi wa masu albashi aikinsu, ki bar gidanki, ki dawo hannu rabbana, wannan ba ga tsuntsu ba ga tarko ke nan. In zama za ki yi, ki zauna ki kama sana'a. Da takardarki ma kina iya tara yaran maƙwabta a zaure da yamma ki yi musu bitar karatu iyayensu su biya, ba mai ce miki kin fita.

Malamin Zaure, Ngaundere

Malama, tambayarki ta farko tana da amsa a fiƙihu, kuma ina ganin ita ce mabuɗin sauran.

Da farko, karɓar lada a kan aiki halal ba aibi ba ne ga mace. Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai dukiya. Nana Zainab bint Jahsh tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu ta tambaya ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadaka, aka amsa mata cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin tozarta mijin. Abin da mace ta samu nata ne, ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna nan a wuyan miji ko da ta fi shi wadata. Iyakar abin da malamanmu na Malikiyya suka gindaya shi ne kada ta yi kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta ba da yardarsa ba. Saboda haka maganar cewa albashinki zai nuna ya gaza ba ta da tushe a shari'a, tsoron bakin mutane ne kawai.

Amma akwai bambanci na gaske tsakanin fitar biyu, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Mai aikin sa-kai tana da zaɓi kullum: ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka yi baƙi, ko miji ya ce yau ki zauna, sai ta zauna ba wanda zai tuhume ta. Mai albashi kuwa ta ƙulla ijara, ta sayar da sa'o'in safiyarta ga wani, kuma cika wannan alƙawari wajibi ne a kanta. Daga ranar da kika sa hannu, akwai wani mutum da ba mijinki ba wanda yake da ikon ce miki gobe ki zo ƙarfe bakwai. Ina kyautata zaton wannan ne yake damun maigidanki, ko da bai iya furta shi haka ba, kuma damuwar tana da hujja, shi ya sa izininsa ya zama sharaɗi.

Shawarata ita ce kada ki yi jayayya da shi a kan kuɗi. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwa, a zauna a tsara abubuwan da ake tsoro ɗaya bayan ɗaya: wa zai riƙe yara, yaushe za a dawo, me za a yi ranar rashin lafiya. A sa wa'adin shekarar karatu ɗaya a gwada. Ita kuma Hajiya mahaifiyar maigidanki a tuna mata cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, kuma ba a ce tarbiyyar gidajensu ta lalace ba.

Ungozoma, Kusiri

Allah ya gafarta Malam, bayaninku ya warware mini abin da na daɗe ina ji ban iya faɗa ba, amma ina da ƙari a kansa. Wannan zaɓin da kuka ce mai aikin sa-kai tana da shi, shi ne dalilin da ya sa ake son ta a hakan, kuma ba a gida kaɗai ba. A nan Kusiri, tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da garuruwansu, ƙungiyoyin agaji suka cika yankin, na ga yadda ake raba aiki. Mata ne ke shiga gidaje, domin namiji ba ya wuce zaure. Su ke auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, su ke lallashin uwar da ta ɓoye ɗanta a bayan ƙyaure don kada a ɗiga masa maganin shan inna. Amma idan aka zo rabon muƙamai masu albashi, mai sa ido da mai tattara rahoto da direba, mafi yawa maza ne, sai a ce wa matan Allah ya ba da lada. Na yarda da lada, amma ban taɓa jin an ce wa direban ya haƙura da ita ba.

Hajiya, da girmanki, lissafinki daidai ne amma bai cika ba. Ba kowace mai sana'ar gida ce take da waya da ɗan babur ba. A mafi yawan gidajen da nake shiga, ƙafar sana'ar uwa ita ce 'yarta: yarinya 'yar shekara 9 da tire a ka tana zagaya tasha da bakin gadar Ngeli har magariba, alhali sa'o'inta suna aji. Uwar ta zauna a gida, gaskiya ne, amma an fitar da wadda ta fi ta buƙatar tsaro. Idan ana lissafin abin da fitar mace take ci, a haɗa da wannan.

Akwai kuma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka kawo takardar lafiyar masu ciki ta sefa 6,000 a yankunanmu uku na Arewa a 2015, mata sun ƙara zuwa awo da haihuwa a asibiti. Magidanci zai kawo matarsa tsakar dare tana naƙuda, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai mace a bakin aiki, kuma in aka ce namiji ne sai ka ga ransa ya ɓaci. Shi ɗin nan kuma ba zai bar 'yarsa ta karanta aikin jinya ba, ba zai bar matarsa ta yi kwanan aiki ba. To matar wa yake so ta kwana a asibiti ta jira tasa? Haka yake a makaranta. Iyaye da yawa suna cire yarinya da zarar ta fara girma saboda duk malaman maza ne, sannan ga mai takardar koyarwa a unguwa an ce ta zauna. Yawancin abokan aikina daga Kudu aka turo su, ba su jin Hausa ba su jin Fillanci ba su jin Larabcin Shuwa, sai an nemo tafinta kafin mace ta faɗi inda ke mata ciwo.

Ƙanwata, ban ce aikin albashi hutu ba ne. Za ki dawo a gajiye ki tarar da wanki da girki suna jiranki, domin ba a rage wa mace aikin gida don ta samu na waje. Idan za a zauna kamar yadda Malam ya ce, ki sa wannan a cikin abin da za a tattauna, kuma ki ajiye yawon damina gaba ɗaya, domin ba za ki iya ɗaukar uku ba.

Maman Tagwaye, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na koma makarantar da tambayoyinku. Sun ce za a ba ni yarjejeniya a rubuce, ana biyan wata 10 a shekara, amma rajistar CNPS sai malami ya cika shekara biyu tare da su, wai shekarun farko na gwaji ne. Shin haka doka ta ce?

Baba Mai Ritaya, Garwa

Ba haka ta ce ba, 'yata. Rajista tana hawa kan mai ɗaukar aiki tun daga lokacin da ya ɗauke ki, ko da kina cikin gwaji, kuma gwajin da doka ta sani na watanni ne, bai kai shekara ba balle biyu. Ki nemi a rubuta maganar rajistar a cikin yarjejeniyar, sannan bayan albashin farko ki je ofishin asusun da kanki da katin shaidarki ki tabbatar an ba ki lamba kuma kuɗin yana shiga, domin akwai masu cirewa daga albashi su riƙe a aljihunsu. Idan suka ƙi, ofishin sufeton ƙwadago yana nan a Garwa, kuma shigar da ƙorafi a wurinsa ba a biyan komai.

Ita ma Hajiyar Marwa wannan ya shafe ta. Tun 2014 aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar shiga asusun da son ransu, suna zuba kashi 8.4 cikin 100 na abin da suka bayyana suna samu, kuma wannan na fansho ne kawai, bai haɗa da kuɗin yara ko na hutun haihuwa ba. Duk wadda za ta shiga ta je da katin shaidarta da takardar haihuwarta, ta kuma riƙa ajiye rasit ɗin kowane biya.